Ranar da na kai surukina Babura

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi na sayi mota ta hannu, kuma wallahi kaina ya kumbura. Don haka da saƙo ya zo cewa yayan surukina ya rasu a Babura, za a yi jana'iza bayan azahar, ni na aika garin Roni, inda surukin nawa yake, cewa kada Baba ya hau motar kasuwa, zan zo in ɗauke shi.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ya zauna a baya da carbinsa, ni ina tuƙi kamar an ɗora mini tulu a ka.

Mun wuce Kazaure kaɗan, a wata gangara, na taka birki sai na ji ƙarfe yana cin ƙarfe, sitiyari yana rawa a hannuna. Dole na tsaya. Na tuɓe babbar riga da hula a gaban surukina, daga ni sai singileti, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sa jak na cire tayar gaba. Fatar birkin ta cinye tas, saura ƙarfen bayanta. Faifan da take kamawa kuwa ya yi zane-zane masu zurfi, da na kai yatsa sai da ya ƙone ni.

Ina tsugune sai ga babbar motar 'yan kasuwa ta nufi Babura. Direban ya rage gudu ya leƙo.

"Lafiya dai? Akwai wuri a gaba idan Baba zai hau."

Na buɗe baki in ce ya hau, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Allah ya kiyaye hanya. Yaron nan taya kawai yake dubawa."

Ya ga fatar birkin, na sani. Ba ya so ne a ce ya bar surukinsa a titi ya hau motar haya. Ni kuma ba a musu da suruki, sai na sunkuyar da kai har ƙarar motar ta ɓace.

Na mayar da tayar, muka ci gaba a giya ta biyu, hannuna a kan birkin hannu. Masu keke suna wuce mu suna yi mana sannu.

Mun shiga Babura mutane suna dawowa daga maƙabarta, suna kakkaɓe ƙasa daga hannuwansu. Baba ya tsaya ya dube su. Shi da mamacin, su biyu kaɗai uwarsu ta haifa.

Wani tsoho ya ce, "An jira ka har rana ta karkata."

Baba ya juyo ya nuna ni, hannuwana baƙi ƙirin da mai.

"Ku gode wa yaron nan," in ji shi. "Shi ya kawo ni, a motarsa."

Suka taso ɗaya bayan ɗaya suna yi mini godiya, ni kuma ina amsawa.