Ƙugiyar da Nasiru Ya Bari

A kakar bana mijina Nasiru ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ranar da muka kai shi asibiti masararsa tana shanye a tsakar gida, bayan kwana tara kuma aka kai shi makwancinsa a nan Funtuwa. 'Yarmu Nana tana aji biyu na firamare a lokacin. Yanzu ta kusa kamo ni a tsawo. Ban taɓa yin rubutu a kansa ba, domin duk sanda na fara sai in ga ban san ta inda zan kama ba. Bana aka kawo mini wata shawara da shi ya kamata ya yanke, ita ce ta zaunar da ni.

Nasiru yana da shagon gyaran kwamfuta da buga takardu a kusa da kasuwa, da damina kuma manomi ne kamar kowa a danginsu. Ni malamar Hausa ce a makarantar 'yan mata. Wata rana na nuna masa wani bulog a wayata, wato shafin da mutum ke rubuce-rubucensa a intanet, inda wani ya ba da labarin baƙin da suka zo bikin ƙanwarsa. Duk inda harafin ƙ ya kamata ya fito, sai wani ɗan akwati. Haka ɗ, haka ɓ. Na ce masa wannan abin yana ɓata mini rai, yaran da nake koyarwa suna ganin irin wannan suna cewa haruffan ba su da amfani. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo.

Bayan wata biyu ya rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja, irin wadda ake jona wa babbar manhajar da ake gina bulog a kanta. Aikinta ta sa haruffanmu masu lanƙwasa su fito daidai ko a tsohuwar waya, ta kuma sa wanda ya nemi kalma ya same ta ko bai sa lanƙwasar ba. Ya sa mata suna Ƙugiya, ya sake ta kyauta. Mutane suka ɗauka: malaman makaranta, masu rubutun addini na masallaci da na coci, masu labarin kasuwa da noma.

Sai dai babbar manhajar nan ba ta tsayawa wuri ɗaya. Masu ita kan fitar da sabon samfuri a kai a kai, kuma dole duk wanda ya rubuta abin jonawa ya gyara nasa ya dace da sabon. Tambayar ita ce, waɗanda ba su koma sabon ba fa? Har yaushe za a ci gaba da wahala dominsu? Ban san akwai irin wannan tambaya a duniya ba, sai da na ji ta zama abin musu a ƙofar gidana.

Abokin musun shi ne Bulus, mutumin Kafur, amininsa tun suna makarantar koyon fasaha. Bulus yana aiki a Malumfashi, yakan zo mana ranar Asabar duk bayan mako biyu. Ra'ayinsa a fili yake: shekara biyu ta isa. Wanda bai sabunta shafinsa cikin shekara biyu ba, shi ya zaɓa. Tsohon samfuri yana da ɓaraka da masu kutse ke bi, kuma kowane gyara sai an yi shi sau biyu, an gwada sau biyu. A shekara ta uku da fitowar Ƙugiya Nasiru ya bi maganarsa. Ya fitar da sabuwar Ƙugiya wadda ba ta aiki da tsohon samfuri, ya rubuta sanarwa ta layi biyu, ya tafi gona, domin ruwan shuka ya sauka.

Kwana huɗu bayan nan aka yi sallama da hantsi. Wani dattijo ne, rigarsa duk laka a gefe. Ya ce sunansa Malam Idi, tsohon malamin gona ne daga Musawa, babur ya hau zuwa titi sannan ya shiga mota biyu. Ya tambayi shagon a kasuwa aka kwatanta masa gida. Yana da bulog da yake rubuta wa manoma lokacin shuka da yadda ake sa taki, masu waya suna karanta wa marasa waya. Ya ga an ce ya sabunta Ƙugiya, ya danna, shafin gaba ɗaya ya koma fari. Wanda ya kafa masa shafin ya koma kudu da zama, lambarsa ma ba ta shiga.

Nasiru ya fita wurinsa, ina jin su daga ciki. Dattijon ya ce, "Ni ban zo faɗa ba, Malam Nasiru. Kyauta ka ba mu, mun gode. Amma da ka kira ni ka ce ga abin da zai faru, da na bari sai an gama shuka."

Nasiru ya ce, "Baba, ai na rubuta sanarwa."

"Da Turanci ka rubuta, ɗana. Kuma ka ce samfuri kaza. Ni ina na san samfurin da nake kai?"

Ban taɓa ganin kunya ta kama Nasiru irin ta ranar ba. Bai koma gona ba. Kafin la'asar ya dawo wa dattijon da shafinsa, suka ci dambu tare, ya raka shi har tasha. Da ya dawo ya zauna a bakin rijiya ya ce mini, "Maman Nana, na ɗauka da manhaja nake aiki. Ashe da mutane ne."

Daga nan ya kafa wa kansa ƙa'ida. Ba zai yanke tsohon samfuri da damina ba. Ba zai yanke ba sai ya sanar da Hausa, da wuri. Kuma ba zai yanke ba sai ya ji muryar duk wanda abin zai shafa. Ya sayi littafi ya rubuta sunayen masu amfani da Ƙugiya da garuruwansu da lambobinsu. Bulus ya ce masa wannan ba aikin manhaja ba ne, aikin mai unguwa ne. Nasiru ya yi dariya ya ce ya karɓi sarautar. Har ya rasu ba su daidaita ba, kuma har ya rasu bai sake yanke kowa ba. Na ga abin da hakan ya ci masa. Akwai ranakun Juma'a da ya kamata mu je gaida mahaifiyata a Malumfashi, yana zaune yana gwada gyara ɗaya a kan samfuri uku. Na yi fushi a wasu lokutan, ba zan ɓoye ba. Yau da za a dawo mini da Juma'a ɗaya irin wannan, da zan zauna kusa da shi in yi shiru ina kallonsa.

Bayan sadakar arba'in Bulus ya zo da matarsa. Ya ce, "Malama, in kin yarda ki ba ni littafin nan da kwamfutarsa." Na ba shi. Mutumin da ya ce shekara biyu ta isa, shi ya riƙe tsohon samfuri shekara bakwai, ba don ya canza ra'ayi ba, sai don abokinsa ba ya nan balle su ƙarasa musun. Har yau akan turo saƙo da sunan Malam Nasiru. Bulus yakan amsa ya gyara, sannan a ƙasa ya gaya wa mutum cewa Malam Nasiru ya rasu. Malam Idi ma ya rasu shekara uku da suka wuce; 'ya'yansa ne suka kira suka faɗa.

A farkon daminar bana Bulus ya sake zuwa. Tun daga yadda ya ƙi taɓa ruwan da na ajiye masa na san da magana. Ya ce kamfanonin da ke ajiye shafuka sun fara daina ɗaukar tsohon samfurin. An yi wa shafin wani malami kutse ta wannan hanya, aka cika shi da hotunan banza, mutumin ya kasa haɗa ido da ɗalibansa. Ya ce shi kansa yanzu ba shi da inda zai gwada gyara a kan tsohon, da ka yake yi yana fatan ya dace.

Ya ce, "Malama, ci gaba da riƙe shi ya zama cutarwa. Amma ba zan yanke ba sai da izininki. Saura shafi goma sha ɗaya."

Na ce masa zan yi tunani, cikin murya da na san ba ta yi daɗi ba. Da ya tafi na yi kuka. Ban san layi ɗaya na abin da Nasiru ya rubuta a manhajar nan ba, amma na san hannunsa ne ya rubuta, kuma an zo ana ce mini za a goge wani sashe.

Na yi makonni ina tambayar kaina me zai ce da yana nan. Duniyar da ya sani ta sauya. Wayoyin yanzu da kansu suke nuna ƙ da ɗ, ɗalibaina ma ba su san an taɓa fama da akwati ba. Yawancin masu bulog sun koma yin bidiyo. Gonarsa ta cikin daji ba kowace shekara ake iya zuwa ba. Ina jin zai yi murna da wayoyin, zai yi baƙin cikin gonar. A kan maganar Bulus kuwa, gaskiya ban sani ba. Wani lokaci sai in ji kamar zai ce a ƙara shekara ɗaya. Wani lokaci in tuna bai taɓa cewa har abada ba. Abin da ya ce kawai shi ne kada mutum ya wayi gari ya ga an bar shi ba tare da an yi masa magana ba.

Sai na kira Bulus na ce na yarda, amma sai kaka, kuma ni zan yi kiran. Ya turo mini lambobi goma. Uku daga ciki sun daɗe da barin shafukansu, suka ce a yi yadda aka ga dama. Wani ya manta kalmar sirrinsa shekara biyar, kunya ta hana shi faɗa. Wata tsohuwar ungozoma a Malumfashi da ke rubuta wa mata shawarwarin goyo ta ce tsoro take ji kada ta danna abu rubutunta na shekaru ya ɓace. Da ta gane matar wa ce ke magana, sai ta ce, "Allah sarki. Ya taɓa kira na sau biyu don kawai ya ji ko shafin yana buɗewa." Ban san wannan ba. Kusan kowa a cikinsu yana da irin wannan labari, na yi ta tsintar mijina a bakin mutanen da ban taɓa gani ba. Bulus ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su sabon samfuri, babu wanda ya rasa ko layi.

Da aka gama na ce masa ai goma sha ɗaya ya ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ƙarshen na Nasiru ne."

Na san shafin. Ɗan bulog ne da ya buɗe don gwaji, daga baya ya riƙa rubuta abubuwan da suka zo masa: ranar da Nana ta fara tafiya, yadda ruwa ya yi gyara a layinmu, gardamarsa da wani mai sayar da taki. Nakan buɗe shi in na ji kewa ta yi yawa. Launinsa kore ne mai ɗaukar ido, hoton shagonsa na sama kuma a karkace yake, kullum yana cewa zai gyara. Bulus bai taɓa shi ba duk shekarun nan. Ya gaya mini rubutun zai tsira, amma tsarin shafin ba zai tsira ba.

Asabar da ta wuce da safe muka zauna a falo. Bulus ya kwafe komai ya ajiye, na sa an buga mini kowane rubutu a takarda. Sannan ya juyo da kwamfutar gabana ya nuna mini inda zan danna. Na yi bisimilla na danna. Shafin ya ɗauke na ɗan lokaci, ya dawo. Kalmominsa duk suna nan, kowace ƙ da lanƙwasarta. Koren ya tafi. Hoton ya miƙe tsaf.

In wani mai irin wannan aiki ya tambaye ni har yaushe zai riƙe tsohon samfuri, ba ni da adadin shekaru da zan ba shi. Bulus ya yi gaskiya, akwai ranar da riƙewa ke zama cuta. Nasiru ma ya yi gaskiya, ranar ba ta zuwa sai an san sunan kowa an kuma kama hannunsa an tsallakar da shi. Ƙugiya kanta wata rana za a daina buƙatarta, na riga na saba da wannan tunani. Abin da nake ganin zai daɗe shi ne abin da ungozomar nan ta riƙe a ranta, da abin da ya sa Bulus ya ɗauki shekara bakwai yana yin aikin da bai yarda da shi ba.

Jiya na sake buɗe shafin. Ya fi da saurin buɗewa, ya fi kyau, kowa zai faɗi haka. Ni dai sai na kama kaina ina karkata wayar kaɗan, don in ga shagon yadda ya bar shi. Allah ya jiƙan Nasiru, ya sa ya huta.