Ƙwallon Dabino Mai Lalle

Shekarun baya, da nake yawon fatauci, na tsaya a Atina ta ƙasar Girka. Aka nuna mini wani dutse mai ramuka, aka ce da shi mutanen zamanin da can suke fid da masu riƙe gari ta hanyar ƙuri'a, don kada mulki ya zama gadon masu hali. Na zaga Kano, Alkahira da Istanbul, ban ga irinsa ba.

Da muka rasa shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan unguwar Mansur a Makka, mai kula da jana'iza da buɗa-baki, manya biyu suka ja daga a kan kujerar. Na kawo labarin Atina. Kowannensu ya yarda, don yana ganin Allah ba zai tsallake shi ba.

Bayan la'asar muka zuba ƙwallayen dabino a hula, ɗaya an rina shi da lalle; wanda ya zaro shi, shi ne shugaba. Kowa ya sa hannu. Jan ya faɗa wa wani mutumin Tawa mai wankin motocin alhazai a Kudai, wanda kullum wurin takalma yake zama. Ya buɗe tafinsa yana murmushi, har ya fara gyara zama.

Sai ɗaya daga cikin manyan, haifaffen Makka mai shagunan turare, ya yi dariya.

"Yalla, wannan gwaji ne. A sake."

Na ce, "Alhaji, ba mu yi da gwaji ba."

"Ya shaikh, mai iƙama, baƙon da ke zaune da takardar izini, zai shugabance mu? Gobe kafili, uban gidan da ya tsaya masa, ya sallame shi, sai mu bi shi Tawa da gawa?"

Aka kwashe da dariya, har da masu iƙamar. Mutumin ya taso, ya durƙusa, ya mayar da ƙwallon cikin hular da ke hannuna.

"Baba, a ba manya. Ni dama rakiya na yo."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. A nan na tuna abin da mai yi mini jagora ya faɗa a Atina: baƙon da ke zaune a garin, ko shekara nawa ya yi, ba ya cikin ƙuri'a. Mu da ake kira baƙi a nan, mun fid da namu baƙon.

Bai sake zuwa taro ba. Na gamu da shi a Kudai, soso a hannu, ya gaishe ni da fara'a.

"Baba, wa ya ci?"

Na ce, "Kai."

Ya yi dariya, ya koma kan motarsa.