Farfaɗiyar da ba ta kayar da Alhaji

Assalamu alaikum jama'ar Bodinga da Shagari. Ni ne Alhaji Mamman, shugaban 'yan albasa. Kun daɗe ba ku ji ni ba, har wasu na cewa na haukace. Ban haukace ba, jinya nake.

Da mantuwa abin ya fara. In aza hula, in tashi gida da neman hula. Aka ce tsufa ne.

Sai kuma ina cikin magana in tsaya cak, ido a kafe, ina tauna baki ba komai ciki.

Jikana Buhari ya fara lura, yaron da ya fi duk jikokina hankali da kyau. Kullum da safe yakan zo ya ce zai ƙwace mini Hajiya Kulu, kakarsa, ni kuwa in kore shi da sanda. Ran nan ya yi tsiyarsa, ban ɗaga sanda ba. Ya maimaita, shiru.

Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Daga baya muka kwashe albasar rudu, rumbun da muke ajiyarta, muka sayar tun ba ta yi kuɗi ba, muka tafi babban asibitin Sakkwato.

Suka liƙa mini wayoyi a kai. Suka ce kuma sai an ɗebi ruwan ƙashin bayana. Hajiya Kulu ta yi ta kuka, wai an ce mata wanda aka ɗebar wa ba ya sake tafiya. Aka lanƙwashe ni kamar jinjiri, aka soka allura. Ga ni nan ina tafiya da ƙafafuna.

Mun daɗe muna jiran sakamako. Likita ta ce ruwan ya nuna ciwon da ke cin tunani, kuma masu shi sukan samu farfaɗiya, har irin wadda ba ta kayar da mutum. Ta ce: "Farfaɗiyar muna da maganinta. Mantuwar sai dai lallaɓawa."

Tunda na fara shan ƙwayar ban sake kafewa ba. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitoci da duk wanda ya taimaka da alheri.

In tsohonku na tsayawa haka, kar ku ce tsufa ne kawai. Ku ɗauki bidiyo da waya ku nuna wa likita. Kar a tsallake magani ko na yini guda.

To, jama'a, na kasa ci gaba.

Alhaji bai san an yi wannan rubutu ba. Ni ne Buhari. Allo kaɗai na yi, a waya na koyi boko, ku yi haƙuri da kuskure.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, in ban da zancen na fi jikokinsa hankali da kyau.

Har yau kullum da safe ina zuwa in ce na zo ɗaukar matata. Jiya ya dube ni da ladabi ya ce: "Samari, ɗan wa ne kai? A kawo ma baƙo ruwa."

Sandar na nan jingine kusa da shi. Ni nake aje ta inda hannunsa zai kai.

Don Allah ku roƙa mini ya ɗaga ta, ko sau guda.