Ranar da Fada Ya Hau Bayana

Lokacin da nake koyar da tarihi a wata sakandare a Shanga, na zo kan juyin juya halin Faransa, inda talakawa suka riƙa zana limaman Katolika da Paparoma don yi musu ba'a. Littafin guda ɗaya ne, a hannuna yake, sai na ce bari in kwaikwayi zanen a allo: manomi a duƙe, ƙaton limami a bayansa, Paparoma a gefe yana sa albarka.

Ban iya zane ba. Hular Paparoma ta fito kamar gurar kamun kifi, limamin kuwa sak Fadan cocin garinmu, mutum mai tumbi da fara'a, abokin wasan darana.

Yara na cikin dariya sai ga shi a bakin taga, ya zo ganin shugaban makaranta. Ya daɗe yana kallon allon.

"Malam, wanga ni ne?"

"A'a Fada, na Faransa ne."

"Da tabarau irin nawa?"

Ya shigo ya karɓi alli, ya ƙara wa tumbin girma, ya ce gaskiya ta fi. Sannan ya goge gashin manomin, ya yi masa sanƙo irin nawa, ya kaɗe hannu ya fita.

Da jarrabawa ta zo, kusan rabin ajin suka rubuta cewa an yi juyin juya hali ne saboda Fada ya hau bayan Malam. Na ba su rabin maki.