Faifan da Ke Cikin Motata

Lokacin da nake aikin sito a Wendover, can ƙasar Turawa, da waƙoƙin rap na gyara Turancina. Faifai ɗaya nake sawa kullum a mota, zagin mata da 'yan daudu ne tun daga farko har ƙarshe, ni kuwa kiɗan nake bi. Ɗiyata mai shekara biyar tana kujerar baya, na ɗauka ba ta fahimta.

A wani taron suna, Hajiyar da ta sauke mu da muka zo daga Yamai ta ɗora ta a cinya, ta ce ta rera wa matan wurin waƙar da ta iya. Ina bakin ƙofa, na kuwa san wadda ta iya. Yarinyar ta dube ni, ta ƙi rerawa.

A hanyar gida ta ce da Turanci, "Baba, ban rera ba, ai su Mama ake zagi a ciki."

Daga baya na ji mawaƙin ya fito ya ce ya yi nadama. Shi dai ya furta. Ni faifan kawai na jefar, har yau ban ba ɗiyata amsa ba.