Ramin da Ke Gindin Wuyana

Shekara uku na yi ina ɗaga ƙarfe kafin in san ƙirjina bai cika ba. Lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Jega, kuma kullum bayan la'asar nakan nufi wani fili a bayan garejin manyan motoci, inda muke haɗuwa mu shida. Kayanmu duk haɗin gida ne: siminti da aka zuba a bokitan fenti aka soka masa bututun ƙarfe, da tsofaffin ƙarafan birkin tirela, da benci guda shimfiɗaɗɗe da wani mai walda ya yi mana. A kan bencin nan nake kwanciya in tura nauyi, kuma a cikinmu babu wanda ya kamo ni.

Tela ne ya tona mini. Na je gwada rigar sallah, ya yi ta jan wuyanta yana saki, ta ƙi zama. Ya dafa ƙasan ƙirjina, sannan ya sa yatsa biyu a gindin wuyana.

"Malam, nan ƙasa ka cika," in ji shi. "Nan bisa kuwa ba kowa."

Na yi dariya a gabansa. Da na koma gida na tuɓe riga, na tsaya gaban madubin matata. Gaskiya ya faɗa. Naman duk ya taru a ƙasa har yana rinjaya, daga sama kuma fili ne fetal, ƙasusuwan nan biyu na gindin wuya sun fito, da ɗan rami a ƙarƙashin kowanne. Na daɗe ina duban jikin nan, amma inda nake so in gani kaɗai nake duba.

Abin da na fara yi shi ne ƙara nauyi, don shi kaɗai na iya. Wata huɗu ina yi. Ƙasan ya ƙara tudu, saman yana nan yadda yake.

Da kakar albasa na raka ƙanin matata garin Aliero, zai yi lodin albasa. Cikin masu ɗora buhuna a mota akwai wani dattijo da zai haura hamsin, sanye da singileti da ta sha jiki. Ba shi da wani kauri, amma ƙirjinsa a cike yake tun daga wuya, kamar an shafe shi da cokalin magini. Na tsaya ina kallon aikinsa. Yakan tallabo buhu a ƙirji, ya ɗan ja baya, ya cilla shi sama ga wanda ke kan mota. Da suka zauna hutawa na matsa na gaishe shi, na gaya masa damuwata, ina jin kunyar kaina. Bai yi mini dariya ba. Ya ce in nuna masa yadda nake yi, na jingina da buhu na kwatanta.

"To ai ga ta nan," ya ce. "Kai gabanka kaka tura kaya, mu ko bisa muka tura su. Inda ka aiki nama, nan shika zuwa."

Na sha ganin irin wannan bayani a bidiyon waya, ina wucewa, don a ganina sai mai injin zamani zai yi shi. Sai da na ji shi daga bakin mutumin da bai taɓa kwanciya a benci ba sannan ya shige ni.

Washegari na jera bulo uku a ƙarƙashin kan bencinmu, ya tashi kamar kujerar aski. Na ɗora nauyin da na saba, ya ƙi motsi. Na rage, na sake ragewa, sai da na dawo rabi. Abokaina suka yi ta tsokana, wani direba a cikinmu ya ce ko a kawo mini taɓarya in fara da ita. Abin ya ci mini rai fiye da yadda na nuna, kuma shi ya sa na yi gaggawar mayar da nauyin. A mako na uku wani abu ya soke ni a kafaɗar dama. Wajen wata biyu ban iya rubutu a saman allo ba, sai in fara daga tsakiya, ɗalibai na baya suna miƙa wuya.

A zaman jinyar nan na gane kuskurena biyu. Bencin ya miƙe da yawa, har kafaɗa ta karɓe aikin ƙirji, kuma ina ɗaga ƙarfe ne don idon mutum biyar. Da na warke na sa mai walda ya yi mini wani bencin, tashinsa bai wuce bulo ɗaya da rabi ba. Sau biyu a mako nake fara da shi tun ƙarfina bai ƙare ba. In sauko da ƙarfen a hankali har ya kusa taɓa ƙasan wuya, in ɗan tsaya, in tura. Na ƙara cin wake da ƙwai, da kifi in ya samu. Na daina tambayar abin da wani ya ɗaga.

Naman ya zo, amma da rowa. Bayan shekara ɗaya da rabi filin ya yi ɗan tudu, ramin ya ragu, bai dai rufe ba. Direban nan da ya bi sahuna daga baya, cikin wata shida ya wuce ni. Wannan ya dame ni ƙwarai, har na fara tunanin ko akwai wani sirri da ban sani ba.

Da kaka na tafi gida Maiyama taya mahaifina shigar da gero. Yana ɗaurin dami, zafi ya sa ya tuɓe taguwarsa ya rataye a reshe. Rabon da in ga jikinsa haka tun ina yaro. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana noma, hannuwansa kamar saiwa, amma ga ramukan nan biyu a gindin wuyansa, daidai inda nawa suke. Na tsaya da dami a hannu har ya lura. Ya tambaye ni lafiya, na gaya masa. Ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa, kamar ranar ya fara ganinsa.

"Haka na mahaifina yake," ya ce. "Bai hana shi komai ba. Miƙo damin."

Na miƙa. Muka yi ta yi har rana ta yi sanyi, yana ɗauri ina kaiwa bakin rumbu. Da muka gama ya zauna a gindin bishiya yana haki, ni kuwa na ɗebo ruwa a randa na kawo masa, na zauna kusa da shi muna jiran a kira magariba.