Sulken Gwiwa Mai Lamba Bakwai

Ko zan manta da ranar da aka ba ni takardar kama aiki, ba na jin zan manta da wata Laraba ta tsakiyar damina, ranar da na ga sulken gwiwa mai lamba bakwai rataye a zauren wani mai unguwa a ƙasar Roni, mai shi kuwa ba wanda ya san halin da yake ciki. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yi mini dariya in na shimfiɗa tabarma a sito na ce ku tsuguna kafin in ba ku kaya. To, ku ji asalin tabarmar.

A lokacin ni ne jami'in sito a ofishinmu na allurar rigakafin dabbobi a Kazaure. Aikina in karɓi kaya, in duba, in raba. Shugaban ofis shi ne likitan dabbobi, Dakta Lawan. A ƙarƙashinsa akwai malaman dabbobi goma, waɗanda ke ɗaure akwatin ƙanƙara mai allura a bayan babur su bi rugage, daga Babura har Roni da Gwiwa. Wanda bai san hanyoyin cikin duwatsun Roni ba, bari in gaya masa: akwai hanyar da ko akuya ta zo hawa sai ta tsaya ta yi shawara da 'yan uwanta.

A farkon daminar nan mutum biyu suka zame a kan dutse, duka kuma gwiwa ce ta sha wuya. Dakta ya kira ni ofishinsa.

"Malam Sabo, hular kwano muna da ita, amma ƙafafun mutanen nan a buɗe suke. Ina son a samo musu abin kare gwiwa, irin na masu tseren babur. Mai ƙarko, ba wanda zai yage a mako biyu ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan kawo wanda jikokinsu za su gada."

Ƙa'idar sayen kaya a wurinmu ita ce dillali ya kawo samfuri uku, jami'in sito ya gwada ya rubuta shawara, shugaba ya sa hannu. Dillali ya zo daga Kano da ukun. Na farko na yadi ne da soso a ciki. Na biyu yana da ƙoƙon roba mai tauri a gaba da maɗauri biyu, mara nauyi, yana lanƙwasuwa yadda ƙafa take so. Na uku kuwa dodo ne: ƙarfe a gefe da gefe tun daga cinya har ƙwauri, da mahaɗi a tsakiya kamar na ƙofa, da maɗauri huɗu a kowace ƙafa. Dillalin ya nuna mini a wayarsa wasu mahaukata suna tashi sama da babur a kan tudun ƙasa, ya ce duk irin wannan suke ɗaurawa. Tun daga ranar 'yan ofis suka sa masa suna sulken gwiwa.

Jama'a, na yi gwaji. Na jiƙa su a bokiti kwana biyu. Na shanya su a kan kwanon sito har rana ta gaji. Na sa musu guduma. Na kai gida matata ta sa musu taɓarya, irin dukan da take yi wa gero in ta yi fushi da ni. A ƙarshe na jera su a ƙasa na ce direba ya bi ta kansu da motar ofis. Na yadi ya koma tsumma. Na roba ya tsage a gefe. Mai ƙarfe kuwa, ina jin tayar motar ce ta ji ciwo. Na rubuta shawara shafi biyu, Dakta ya sa hannu, aka kawo goma. Ni da kaina na rubuta wa kowanne lamba da jan fenti.

Ranar rabo, Baba Iro, wanda ya fi kowa shekaru a cikin malaman, saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ya ɗaga nasa mai lamba bakwai ya jujjuya shi.

"Sabo, ka ɗaura shi a ƙafarka ka gani?"

"Haba Baba, ni da nake zaune a sito? Mota ta hau kansa bai ce uffan ba, me ƙafata za ta ƙara?"

"Mota ba ta gaida kowa," in ji shi. Ya sa a jaka ya tafi. Na yi dariya, don na ɗauka barkwancin tsofaffi ne.

Bayan kamar mako uku, a Larabar da nake ba ku labari, aka aike ni Roni in kai ƙarin allura. An shirya in haɗu da Baba Iro a gidan mai unguwar wani ƙauye da ke gindin duwatsu, da azahar. Na ari babur ɗin ofis na isa da wuri, bayan an ɗauke wani ruwa mai ƙarfi da aka kwarara tun hantsi. Ina shiga zaure na durƙusa na gaida mai unguwa. Ina ɗago kai sai na ga abin nan a rataye a jikin bango, jan bakwai ɗina yana kallona.

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan fa?"

"Na Malam Iro ne. Nan yake barinsa in ya zo."

"Yake barinsa? Kullum?"

Mai unguwa ya dube ni kamar wanda ya yi tambayar yara. "To yaya zai yi? Abin nan ba ya barin mutum ya durƙusa. Ranar farko da ya shigo da shi, a tsaye ya gaishe ni kamar soja, kunya ta kama shi har ya kasa shan ruwa. Yau ruga huɗu zai bi, kowace da arɗonta da dattawanta. Ga salla. Ya ce in ya tsaya kwancewa da ɗaurawa, ƙanƙarar allura za ta narke bai yi wa ko maraƙi ɗaya ba. Ai duk mutanenku haka suke yi."

Duk mutanenmu. Ashe mako uku kenan ina yawo a ofis ina fankama, sulkunan nawa kuwa suna rataye a zauruka da rassan bishiya kamar kayan shanya.

"Yaushe ya ce zai dawo?"

"Kafin azahar."

Muka yi sallar azahar, ba Baba Iro. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na sake kira har sau nawa, ban ƙirga ba. Na fita ƙofar gida na tsaya ina kallon hanyar da ta hau cikin duwatsu, ruwa yana gangarowa a kanta, dutse yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Duk ƙarar da na ji sai in ce babur ne, sai in ga injin niƙa ne a bayan gari. Aka kawo fura, ni da ban taɓa mayar da fura ba a rayuwata, ranar na mayar da ita.

Na kira Dakta na ce Baba Iro bai dawo ba. Ya ce, "Allah ya sa lafiya. Ko da ya faɗi ma ai da sulkenka a ƙafarsa."

Ina riƙe da wayar, ina kallon sulken a bango. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Wallahi abin da ya fito daga bakina kenan, har yau kuma ina jin kunyarsa.

Na kasa zama. Na sauko da lamba bakwai na ce zan kai masa. Don kada ya dame ni a kan babur, na ɗaura a ƙafafuna, karo na farko tun da aka kawo shi. Maɗauri takwas. Kafin in gama na jiƙe da gumi, mai unguwa yana riƙe mini gefe ɗaya yana cewa in ja numfashi. Mai unguwa ya kwatanta mini hanya, na hau.

Ba zan ɓoye muku ba, a kan babur abin yana da daɗi. Sau biyu ƙafata ta daki dutse ban ji komai ba. Amma hankalina ba ya wurin. Ina tafe ina leƙa kowane kwazazzabo, ina tsoron abin da zan gani a ciki. Ina tunanin matarsa da za ta zo ofis ta tambaye ni. Ina tunanin mutumin da ya shekara talatin yana bin rugage lafiya, sai da ni, Sabo, na saya masa kariya.

A ruga ta farko aka ce ya zo ya wuce kafin ruwa. A ta biyu ma haka. Tsakanin ta biyu da ta uku, a wani gangare mai santsi, na ga sawun taya ya karkace, na ga murfin akwatin ƙanƙara a cikin laka. Ban san lokacin da na fara kiran sunansa ba. Ba amsa, sai kukan shanu daga nesa.

Na isa ruga ta uku. Ga babur ɗinsa an jingine a jikin bishiya, fitila a fashe. Ga wani dattijo, Arɗon rugar, zaune a kan buzu. Duk da tashin hankalin da nake ciki, ƙafata ta san aikinta: na tafi zan durƙusa. Mahaɗin ya lanƙwasa zuwa rabi ya cije. Ni kuwa, kun san jikina, in ya kama hanyar ƙasa ba ya fasawa. Na tafi da baya na zube kamar buhun masara, ƙafafu a sama, hula a can.

Sai na ji dariya daga cikin bukka, dariya mai haɗe da nishi.

"Sabo ne? Arɗo, ga mai kayan nan da nake ba ka labari. Yau ya gwada."

Ban taɓa jin daɗin muryar mutum kamar ranar ba. Na rarrafa na shiga. Baba Iro yana kwance a kan tabarma, an yage ƙafar wandonsa ta dama, gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Ya zame a gangaren nan ana tsakar ruwa, babur ya danne shi a kan dutse, makiyaya suka ji ihunsa suka ɗauko shi.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Bar wannan tukuna. Akwatin allura ya buɗe, ka duba ko akwai abin da ya tsira. Shanun mutanen nan ba a yi musu ba."

Na hau wani dutse inda waya ke shiga na kira Dakta. Wannan karon na faɗi gaskiya: ya faɗi, gwiwa ce, sulken kuma ga shi a ƙafata. Dakta bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Ina turo mota bakin hanya." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Makiyaya suka ɗora Baba Iro a amalanken shanu muka gangaro da shi, ina biye da ƙafa ina tura babur, kowane dutse da amalanken ya hau sai in ji nishinsa a cikin ƙirjina. Kafin magariba muna asibiti. Hoton ƙashi ya nuna ƙoƙon gwiwa ya fashe.

Washegari Dakta ya tara malamai tara da suka rage ya tambaye su waye yake ɗaura sulkensa tun safe har yamma. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya tambaye su me ya hana su faɗa. Ɗaya ya ce, "Yallaɓai, Malam Sabo ya sha wahala a kansa, har mota ya sa. Mun ji nauyin mu ce bai yi ba." Wato kunyata suka ji, suka bar gwiwoyinsu a buɗe.

Na rubuta rahoto na ɗora laifin inda ya dace, a kaina. Aka ba ni takardar gargaɗi, tana nan a fayil ɗina. Aka sake kiran dillali, aka sake gwaji, amma wannan karon ba guduma. Tabarma na shimfiɗa. Kowane malami ya ɗaura, ya tsuguna, ya durƙusa kamar yana gaban arɗo, ya yi zaman tahiya, ya tashi ya hau babur. Sai bayan nan muka duba ƙarfin ƙoƙo da ɗinkin maɗauri. Wanda ya ci shi ne irin mai roba mai taurin nan da na raina, aka dai samo mai kauri. Yakan tsage bayan damina biyu a sake wani, amma yana ƙafar mutum lokacin da dutse ya zo.

Abin da na koya kenan a aikin sito: mutanenmu za su yarda su faɗi a kan dutse, amma ba za su yarda su gaida babba a tsaye ba, kuma ba za su faɗa maka kayanka bai yi ba in sun ga ka wahala a kansa. Sai ka ɗaura da kanka.

Baba Iro bai sake hawa babur ba. Ya ƙarasa shekara biyunsa a ofis yana rubuta rahoto. Ƙafar ta warke amma ta miƙe, a kan kujera yake salla. Ran bikin sallamarsa ya zo da sanda, ya gaida Dakta da sauran manya a tsaye, sannan ya juyo wajena ya bubbuga ƙafar.

"Sarkin sito, ka ga naka ya fi na kowa ƙarko. Wannan ko kwancewa ba a yi."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don abin da yake so kenan. Lamba bakwai yana nan a saman kanta a sito, ku duba in kun shiga. Har yau ko ƙwarzane babu a jikinsa.